Haƙora a Gaba, Sauri a Baya

Shugaban wannan ƙungiya ta mahaya keken tsauni, wanda ya miƙo mini lasifika alhali ya san halina. Mai horar da yaranmu, da muke ta kira Koci har muka manta sunan da aka raɗa masa. Makanikinmu Sifana, wanda hannunsa bai fita tas ba ko ranar ɗaurin aurensa. Iyaye mata, masu wanke raunuka. Iyaye maza, masu ba da shawarar da ba a tambaye su ba. 'Yan tsere manya da ƙanana, masu gwiwoyi kamar taswirar duniya. Da sauran jama'a da suka leƙo don sun ga an jera kujeru: assalamu alaikum.

Ina godiya ga bawan Allahn da ya ba ƙungiyar nan sabuwar gangar keke, ga ta can jingine da bango, babu wili babu taya. Ya ba mu doki ya ce mu nemo masa ƙafafu. Ina godiya da kuka zaɓi 'yata Auta ta hau shi a babban tseren da ke tafe. Kuma ina godiya da kuka ce kafin a ɗaga hannu a zaɓi wili da taya, a ji ta bakin uban yarinya. Ni tela ne. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, ba don na gaji ba, malamin ne ya gaji. Saboda haka duk abin da na faɗa daidai, daga Auta na ji shi. Wanda na ɓata, nawa ne na gado.

Ga dalilin tsayuwata. Kun tuna bara, a kwanar nan mai tsakuwa da ke ƙasan gangara, tayar gaba ta zame wa Auta. Ni na ɗinke rigar, asibiti suka ɗinke gwiwar, kuma in za a faɗi gaskiya nawa ɗinkin ya fi miƙewa. Da muka dawo gida uwarta ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta zaunar da mu ta ce, "Malam, ka ji, ke ma kin ji. Na yarda ta sake hawa. Amma ranar da aka sake kawo mini ita a ɗingishe, keke ya ƙare a gidan nan. Ba zan maimaita ba." Jama'a, na zauna da matar nan tun gashina yana baƙi, ban taɓa jin ta maimaita ba. To abin da za ku zaɓa yau ba roba ce kawai ba. Shi zai nuna ko Auta za ta ci gaba da tsere, ko za ta dawo shagona tana sa maɓalli.

Magana ta farko, girman wili. Wannan ba sai mun wahalar da hannuwanmu ba, gangar keken ta riga ta yanke hukunci: inci ashirin da tara take ɗauka. Da na fara ganin irinsa na ce, "Auta, wannan ai sai da tsani." Ta ce, "Baba, ƙaramin wili faɗawa rami yake, babba hayewa yake." Na je na tsaya a gefen hanya na gani da idona. Babban wili yana taka dutse ya wuce abinsa, kamar yadda mai hali yake taka doka. Na sallama.

Magana ta biyu, ƙarfen wilin. An kawo mana iri biyu. Akwai na kabon, baƙin nan mara nauyi, wanda kowa a ɗakin nan ya ɗaga da yatsa ɗaya ya yi ajiyar zuciya. Akwai na alminiyam, wanda ba wanda ya ɗauki hotonsa. Na tambayi Sifana bambancinsu, ya ce na kabon yana da juriya, amma ranar da dutse ya fi ƙarfinsa tsagewa yake, sai dai a yi masa addu'a. Na alminiyam kuwa lotsawa yake, a kawo masa ya miƙe shi. Na ce to wannan ɗan'uwana ne: a buge shi, ya lotsa, gobe ya fito aiki. Ƙungiyar da take da keke ɗaya tak ba ta auren kyakkyawa mai saurin fushi. Ku ba mu alminiyam, mai faɗin baki yadda taya za ta zauna a kai daram, ba ta riƙa lanƙwasa a kwana ba. Kuma kada a yi mana rowar wayoyin wili don neman rage nauyi. In nauyi ake son ragewa, ga Shugaba nan, a fara da shi.

Magana ta uku ita ce ta raba gidana biyu. Koci yana son taya mai ƙananan haƙora gaba da baya, domin ta fi gudu. Auta tana bayansa. Ni kuma na ce a sa mai manyan haƙora gaba da baya, irin wadda in ta kama ƙasa sai an roƙe ta. Muka yi ta ja a shago, ina taka keken ɗinki tana tsaye a kaina.

Ta ce, "Baba, tsere za ni, ba huɗa ba. Wannan ai tayar motar noma ce."

Na ce, "Motar noma kin taɓa ganin an kai ta asibiti?"

Ta ce, "Ka taɓa ganin an ba ta kofi?"

Sai na ce ta miƙo mini almakashi. Can ta jawo kujera ta zauna. Ta ce, "Baba, bari in gaya maka abin da ban gaya wa Mama ba. In tayar baya ta zame, ina jin ta, ina iya gyarawa, wani lokaci ma daɗi take mini. In ta gaba ta zame, kafin in ce wayyo na riga na ci ƙasa." Na ce, "To ashe rigimarmu rabi ce. Ki ɗauki ta baya, ki sa mai gudun da ranki yake so. Ta gaba ki bar wa tsohonki." Ta yi lissafinta, ta ce zan ja mata asarar ɗan lokaci a hawa. Na ce na ji, ki rubuta a kaina. Koci, na ga kana girgiza kai. Kai kofi kake gani, ni kuwa ƙofar gidana nake gani.

Magana ta huɗu gare mu take, mu iyaye maza. Tayoyin yanzu ba tif a cikinsu, wani farin ruwa ake zubawa kamar madara, ƙaya ta huda ya toshe da kansa. Kuma ba a cika musu iska tam, ana barin su da ɗan laushi don su rungumi dutse maimakon su yi tsalle a kansa. Mu kuwa da muka tashi da keken da ake ɗaura wa buhu, mun san taya mai kyau ita ce wadda za ka ƙwanƙwasa da yatsa ta yi ƙara. Shi ya sa duk uban da ya wuce kusa da keke sai ya danna taya da babban yatsa, ya ɓata fuska, ya ce, "Ba iska," ya hau neman famfo. Ni a gidana an ɓoye famfo kamar yadda ake ɓoye wa yaro ashana. Ina roƙon a kafa doka: ranar tsere Sifana ya auna, Auta ta yarda, sauranmu mu sa babban yatsa a aljihu.

Jama'a, yarinyar nan in tana gangarowa daga tsauni, rabin hanya idona a rufe yake. Amma rabin da nake gani, ban taɓa ganin ta da irin wannan fuskar ta farin ciki a wani wuri ba. Ba na so a raba ta da ita. Saboda haka in Shugaba ya ce a ɗaga hannu, ku ba mu alminiyam, haƙora a gaba, sauri a baya. In kuwa kuka fi son ƙananan haƙora a gaba, ba zan yi fushi ba, sai dai a cikin masu ɗaga hannun a ware mutum ɗaya ya raka ni gida ya yi wa uwar Auta bayani da bakinsa. Ni zan tsaya a waje in riƙe masa takalmi.

Allah ya tsare yaranmu a hawa da gangara. Allah ya sa taya ta kama ƙasa, ƙasa kada ta kama gwiwa. Allah ya ba Koci kofinsa, ya ba Sifana sabulu mai ƙarfi, ya ba iyaye mata kwanciyar hankali. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, da ƙafafunsa, ba a kafaɗar wani ba.

Na gode.