Goshi da Tabarma

A gidan likita na Dakoro, tsohuwa Ladidi na zaune bisa dakali, tana miƙe ƙafa sannu-sannu tana jan numfashi. Wata tsohuwa mai sanda ta kasa haƙuri.

"Baiwar Allah, rawa kike koyo da tsufanki?"

"Yoga sunanta. Jikata ta nuna mani a salula, wai tana sassauta gwiwa."

"In ta sassauta, tsere za ki shiga?"

Ladidi ta yi dariya.

"Tun waccan damina bisa kujera nake salla. So nake goshina ya sake taɓa tabarma kafin Mai Sama ya kira ni."

Mai sanda ta jingine sandarta, ta matso.

"Ni tawa kujerar har ta lotsa, 'yar'uwa. Da wace ƙafa ake farawa?"