Haƙoran Ciki Ake Ƙirgawa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, Allah ya ƙara wa muryar nan zaƙi. Ni ne Ɗanlami Mai Icce daga Soron Ɗinki.

Injin yankan iccen da na gada wurin mahaifina ya girmi ɗana na fari. Sarƙarsa ta tsinke daidai lokacin da reshen darbejiyarmu ya kwanto kan ɗakin Hajiyata, ga damina ta kawo kai. Lambar jikin injin kuwa ta goge tuntuni.

A kasuwa wani mai kayan gyara ya ƙirga haƙoran waje na tsohuwar sarƙar, ya miƙo min sabuwa. Ya ce, "Alhaji, in ba ta hau ba, kai wa 'yan gwangwan tsohon nan ka huta."

Na ce, "Malam, a gindin injin nan na yi wayo. Haƙoran ciki ake ƙirgawa, masu bin tsagar ƙarfen da sarƙar ke zagayawa."

Ya sake ƙirgawa, ya sosa ƙeya, ya zaro wata daga ƙasan kanta.

Ja ɗaya injin ya tashi. Kafin la'asar reshen yana ƙasa, ɗakin Hajiya ko ƙwarzane babu.

A gaishe min da mai kayan gyaran nan. A ce masa tsohon bai je gwangwan ba, yana bakin aiki.