Farin Ƙyalle a Hanyar Jakuna

A tashar motar Mokhotlong, Lebusa yana kokawar ɗaure jakarsa, wata tsohuwa mai shuɗin bargo tana kallonsa.

"Ntate, ƙaura kake yi?" ta tambaye shi. Ntate shi ne malam a yarensu.

"Guzurin kwana biyar ne, Mme," ya ce, wato mama. "Tsohuwar hanyar jakuna zan bi a ƙafa ta kan duwatsu. Bana ko babu, likita ya ce gwiwata ba za ta kai baɗi ba."

"Da wannan kayan ko jibi ba za ta kai ba. Rage rabi. In ka hango koren ƙyalle a kan sanda, gidan suna sayar da ganye. Ja kuwa, an yi yanka."

"Fari fa?"

"Giyar dawa ce, wuce abinka. Na san wani, shi ma kwana biyar ya ce, ya tsaya shan ƙwarya ɗaya."

"Bai ƙarasa ba?"

"Shekara arba'in ke nan. Ga shi can yana sayo mini lemo."

Lebusa ya yi dariya, ya fara fitar da gwangwanayen abinci daga jakar. "To wa ya kafa ƙyallen, Mme?"

Ta gyara bargonta. "Ƙyallen yana nan cikin akwatina har yau."