Luguden da Bai Shiga Waya Ba

A tashar Magarya, wajen motocin zuwa garinsu Dogo-Dogo, Muttaƙa ya kasa zama, sai kai-komo yake gaban wata dattijuwa.

"Ɗana, zauna mana, kana sa ni jiri."

"Inna, wasan waya muka daɗe muna haɗawa, a riƙa taɓa gilashi daidai da luguden matan garinmu. Waɗanda suka ba mu aikin sun soke shi."

"Don me?"

"Luguden ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Gero na laushi matan ke sauya kiɗa, kuma sun ƙi daka turmi ba komai ciki."

"Da gaskiyarsu. To, matan sun ji?"

"Ba su ji ba, har sun ɗinka anko na ranar fitowarsa, Inna. Shi ya sa duk motar da ta cika nake barinta ta tafi."