Babin da Na'ima Ba Ta Rubuta Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi. Allah gafarta Malam Liman. Ardo da jama'arsa da suka taso tun daga Buji, sannunku da hanya. Shugabar makarantar da marigayiya ta koyar, da shugabannin ƙungiyarmu ta marubuta, barkanku da zuwa. Mahaifiyarmu Dada da ta haifi marigayiya, yayanta Yaya Jaji, mijinta Malam Muntaka da yaranta, Allah ya ƙara muku haƙuri.

Sunana Talatu. Ni ce nake tace wa Malama Na'ima rubutu tun labarinta na farko. An ce in yabe ta a taƙaice in zauna. Yabo kam zan yi, amma ba zan zauna ba sai na sauke abin da na zo da shi.

Ta kasance mace mai taurin kai a kan rubutu, kuma ni na fi kowa shan wahalar wannan taurin kan. Ta turo min babi, in soke abin da nake ganin ya yi yawa, kafin in ajiye waya ta kira. Akwai ranar da na cire mata sakin layi guda a kan wata jar saniya mai karyayyen ƙaho. Na ce, "Malama, labarin mutane muke yi, wannan saniyar ta cinye rabin shafi." Ta ce, "Talatu, mayar min da saniyata. In kin cire ta, wa zai raka mai kiwon gida?" Muka yi ta ja har na gaji na mayar. Daga baya masu karatu suka riƙa tambayar lafiyar saniyar nan kamar 'yar uwarsu.

Ta kasance malama a aji, malama a gida. Duk Asabar tsakar gidanta a unguwar Takur ta Dutse cike yake da masu koyon rubutu, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Sai ta karanta aikin mutum, ta ɗago ta ce, "Wannan jarumin naka me yake ci? Tun farkon labari bai ci tuwo ba, bai yi salla ba, daga hawa mota sai sauka daga mota." A yi dariya, amma mai labarin ya koma ya gyara. Da yawa daga cikin masu zama a gaba yau, a kan tabarmarta ta Asabar suka koyi yadda ake buɗe labari.

Ta kasance ba ta yi wa mutumin da ta ƙirƙira ƙarya. Tana cewa, "In ka halicci mutum a takarda, amana ce. Ba ka da ikon sa shi ya yi abin da ba halinsa ba don kawai a tafa maka."

To, jama'a, ku riƙe wannan maganar, don a kanta zan tsaya.

Kun san labarinta na ƙarshe, Bakin Burtali, wanda take sakawa babi-babi duk Juma'a a zaurenta na WhatsApp. Labarin Idirisu ne, mai jar saniyar nan, makiyayin da ya haƙura da karatu ya riƙe garke don ƙanwarsa ta yi makaranta. A Dutse labari ne. A Buji kuwa har yaro ya san Idirisu Yaya Jaji ne, ga shi nan zaune.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne dalilin rubuta shi. Yaya Jaji ɗan fari ne. Dada, bisa kunyar da aka san Fulani da ita, ba ta taɓa kama sunansa ba, balle ta yabe shi a gaban mutane. Na'ima ta ce min, "Zan ba Dada sunan da za ta iya faɗa." Kafin kowane babi ya fita, sai ta hau motar Buji ta je ta karanta wa Dada. Na raka ta sau ɗaya. Ana gamawa Dada ta gyara mayafi ta ce, "Kai, Idirisun nan yaron kirki ne. Allah ya yi wa Idirisu albarka." Yaya Jaji yana gefe yana ɗaure maraƙi, ya sunkuyar da kai kamar bai ji ba. A hanyar dawowa Na'ima ta yi ta kuka tana dariya.

Da ciwo ya ci ƙarfinta, hannunta ya daina riƙe waya. Babi na ƙarshe a gadon asibiti ta faɗa min shi da baki, ni na rubuta. Idirisu ya kai shanu rijiya da rani, ya tarar da layin mata, ya ja garkensa gefe ya jira su gama ɗiba. Nan ta tsaya. Ta ce, "Talatu, in na tashi mu ƙarasa. In ban tashi ba, a bar shi a bakin rijiyar nan, yana da kyau a wurin." Malam Muntaka yana ɗakin, ya ji.

Ba ta tashi ba.

Ba a yi sadakar bakwai ba sai ga sabon babi a zauren, da sunanta a sama, wai ƙarshen labari ne da marigayiya ta bari. A cikinsa an mayar da Idirisu ɗan leƙen asirin ɓarayin shanu. An kama shi, an ɗaure shi, an zaga kasuwa da shi. Waɗanda suka rubuta wannan ba baƙi ba ne. Su ne waɗanda ta danƙa wa zauren da ta kwanta, 'yan ƙungiyarmu, 'yan tabarmar Asabar. Ba zan kama suna ba, sun san kansu, kuma suna jina. Da na kira ɗayansu, cewa ya yi, "Anti Talatu, masu karatu ne suka matsa. Irin wannan ƙarshen ne ke tafiya yanzu. Ai labari ne kawai."

Labari ne kawai! Wallahi da a ce wani can ne ya sace mata rubutu, da na haƙura. Amma ku? Ku da ta koya wa cewa mutumin takarda amana ne? Kun jira ƙasa ta rufe mata ido, kuka ari bakinta kuka zagi yayanta da shi. Na ji ciwo, kuma har yanzu ina ji.

Ku ji inda labarin naku ya kai. Yaya Jaji ya shiga kara, kasuwar shanu, zai sayar da bijimi, wani ya ce masa, "Ashe ƙanwarka ta san halinka." Tun ranar bai koma kasuwa ba. Wata maƙwabciya kuma, da kyakkyawar niyya, ta kai wa Dada waya ta karanta mata, wai ga saƙon 'yarki na ƙarshe. Da na je gaisuwa, Dada ta riƙe hannuna ta ce, "Talatu, ashe haka ta ɗauke shi? Da wannan ta tafi a ranta?" Na yi mata bayani, ta ce na faɗa ne don in kwantar mata da hankali. Tun ranar ba a sake jin sunan Idirisu a bakinta ba.

Shi ya sa nake faɗa yau a gaban Liman, a gaban Ardo, a gaban wakilin Hakimi. Shugabanni, na ji ana shirin buga littafin da wannan babin a ciki. Mu masu karatunta da ɗalibanta na gaskiya ba mu yarda ba. A goge shi. Waɗanda suka rubuta su shiga zauren su ce su ne, su je Buji da ƙafarsu su faɗa a inda aka ci mutuncin bawan Allah. Littafin kuma ya ƙare a inda mai shi ta ajiye shi.

Dada, ki dube ni. Na rantse da Allahn da ya karɓi ran Na'ima, ba ita ta rubuta ba. Malam Muntaka ga shi nan, ki tambaye shi. 'Yarki ta bar Idirisu a bakin rijiya, yana jiran mata su gama ɗiban ruwa, jar saniyarsa na bayansa. Bai saci ko igiya ba. Sunan da ta ba ki yana nan da tsarkinsa, naki ne. Ki ci gaba da sa wa Idirisu albarka, Dada. Mai ɗaure maraƙi yana saurare.

Na gode muku da haƙurin saurarona, wanda na ɓata wa rai ya yafe min. Allah ya jiƙan Malama Na'ima, ya haskaka kabarinta, ya karɓi baƙuncinta. Allah ya raya abin da ta bari, ya sanyaya zuciyar Dada da ta Yaya Jaji. Mu kuma, ranar da bakinmu ya rufe, Allah ya bar mu a hannun masu amana. Amin.