Robar da Na Manne wa Takardar Ɗiyata

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu sauraro. Ni ne Salisu, daga wani ƙauye kusa da Urafane.

Aikin farko da na rubuta a littafina yau shi ne kai takardar haihuwar Hadiza meri, wato ofishin magajin gari, a buga wa kwafinta hatimi. Hadiza ɗiyata ce, tana karatun manufofin gwamnati a jami'a. An buɗe neman bursu, wato tallafin karatu, haɗe da istaj na koyon aiki, kuma ranar Alhamis za a rufe karɓar dosiye, wato takardun masu nema.

Ni mutum ne mai tsoron gara. Bara na kwashi takardun gidanmu duka na kai Tasawa aka manne su cikin roba, har ina yi wa maƙwabta gori.

Da na isa meri yau, ma'aikacin wurin ya juya takardar Hadiza ya ce, "Malam, wa ya aike ka? Ta yaya zan tantance hatimin asali ta cikin leda?" Na ce a ɓare robar mana. Ya ce, "Gwada, rubutun zai bi ta."

Na kira Hadiza. Da na gaya mata, sai ta ce, "Baba, da ka bar ta ƙarƙashin katifa yadda Inna take yi."

Jama'a, kada ku manne takardar asali! Wanda ya san yadda ake samun sabuwa cikin kwana biyu, don Allah ya kira shirin nan.

Ayyukan gobe:

Komawa meri da sassafe, a duba rajistar shekarar haihuwarta.
Wanko hotunanta huɗu.
Ba Hadiza haƙuri, don yau bakina ya kasa.