An Ɗauki Isuhu a Mota, Ni An Bar Ni

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Garba mai mazarƙwaila daga Nasarawan Doya.

Ni da maƙwabcina Isuhu, likita ya ce hawan jinin ido ke damunmu. Bara wasu masu bincike suka zo daga Zariya, suna neman gidajen da ake gadon ciwon, don su gano sanadinsa a ɗakin gwaji. Suka tambaye ni, "Baba, akwai wanda ya makance a gidanku?" Na ce babu. Alhali ni na riƙa ja wa mahaifina sanda har ya rasu. To, ɗan halak zai kira ubansa makaho a gaban baƙi? Isuhu kuwa, ko kunya babu, ya ambaci ubansa, ya ƙara da gwaggonsa.

Yanzu shi ake zuwa ɗauka a mota, a ɗebi jininsa, a auna idonsa, a ba shi maganin ɗigawa. Ya dawo majalisa ya miƙe ƙafa yana cewa "likitocinmu". Wallahi in na ji shi, zuciyata tafasa take kamar ruwan rake a kasko. Ni kuwa gefen idona sai rufewa yake. Jiya garwashi na taka ban gan shi ba.

Jama'a, ku ba ni shawara. In je in faɗi gaskiya, ko in rufa wa marigayi asiri in gaji sandarsa?

Ina gaida 'yan majalisar bakin kasuwa gaba ɗaya. Isuhu kuwa, likitocinsa su gaishe shi.